Littafin tafiyar Kwatano

8 Oktoba 2023

Yau dai magana ta tsaya: hutun ƙarshen shekara a Kwatano za mu yi shi, mu biyar, in Allah ya kai mu. Aminiyata ce a can, wadda muka yi makaranta tare, aure ya kai ta Jamhuriyar Benin. Rabona da ita ido da ido tun 2014. Sau biyu muna sa rana tana rushewa. Ta farko a 2019 ce, sai aka rufe iyakokin ƙasa na Najeriya a watan Agusta, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, a tsakani kuma korona ta zaunar da kowa a gida. Ta biyun ba laifin gwamnati ba ne, nawa ne. Shekaranjiya a waya ta ce mini, "Ke, zumunta a ƙafa take, ba a saƙon murya ba." Na rasa abin da zan ce mata.

Na buɗe wannan littafi ne don na san halina. In ban rubuta ba, sai ana gobe tafiya in fara neman takarda.

Abban yara ya ce in tsara wuraren da za mu gani. Na zauna na rubuta guda takwas: gunkin jaruman mata, kasuwar Dantokpa, bakin teku, Ganbiye, masallacin Porto-Novo, Wida, Abome, sai gandun namun daji na Panjari. Kwana tara muke da su. Ya leƙa takardar ya ce, "To ita ƙawar taki a wane layi kika sa ta?" Na ce ai a gidanta za mu riƙa kwana. Bai ƙara magana ba.

21 Oktoba

Takardu. Biza dai babu ita a lissafi, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da ita ba. Amma rashin biza ba rashin takarda ba ne, kuma nan ne mutane ke yin kuskure. Kowane yaro sai da fasfo nasa ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, har Auta mai shekara biyar. Na babban ya ƙare aiki tun bara ba wanda ya lura. Ta tsakiya da Auta ba su taɓa yi ba. Mun cike fom ta intanet, an ba mu ranar ɗaukar hoto.

Na soke Panjari. Na duba taswira na ga yana can ƙuryar arewa maso yamma, yini guda cur a mota daga Kwatano, ga kuma maganar rashin tsaro a wannan yanki. Babban ya ɓata rai, shi giwa yake son gani. Saura bakwai.

12 Nuwamba

Mako uku muna ja-in-ja a kan mota. Abban yara yana son mu shiga da tamu don kada mu ɗora wa mutane nauyi. Da ya je ya tambayo abin da ake bukata, sai jikinsa ya yi sanyi: inshorar ECOWAS da ake kira katin ruwan ƙasa, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, takardar shigar da mota ta ɗan lokaci daga jami'an kwastan, duk takardun motar kuma su kasance da sunan mai tuƙi. Tamu har yau sunan wanda ya sayar mana ne a kai. Shi ke nan gardama ta mutu. Za mu bar ta a wurin dangi, mu hau ta haya zuwa bakin iyaka a Seme, maigidan aminiyata ya tarbe mu a ɗaya ɓangaren.

Kuɗi kuma sefa ne, wanda ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma ke amfani da shi, an ɗaure shi da yuro a kan 655.957, ba ya motsi. Naira ce ke rawa tun da aka sake ta a watan Yuni. Muka yanke shawarar canza rabi yanzu, rabi in tafiya ta matso, kowanne ya fi tsada mu yi kukan rabi kawai.

4 Disamba

Saura ƙiris yau in jawo mana abin kunya. Fasfo duk sun fito, ina ta murna, sai aminiyata ta tambaye ni katin rigakafin cutar shawara, wanda ake ce wa yalo kat. Na manya yana nan. Nawa ma na ɗauka ya mutu, tun da shekara goma aka rubuta a jiki, ashe tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada, allura ɗaya ta wadatar. Matsalar Auta ce. An yi masa yana jariri, amma katin asibitin ya ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida, ba shaidar da zan nuna. Aka sake yi masa yau.

Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne jin cewa katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Nasa zai kama ranar 14, mu kuma 19 za mu tsallaka. Da na yi sakaci zuwa mako mai zuwa, da mun tsaya a bakin iyaka da jakunkuna muna kallon juna.

17 Disamba

An ɗaure kaya. Takardun kowa a jaka ɗaya, kwafinsu a wata, hotonsu a waya. Na haɗa da takardun haihuwar yara ko da za a tambaya. Ta tsakiya ta haddace kalmomin Faransanci goma sha biyu, tana gwada su a kan Auta.

19 Disamba

Mun iso, alhamdu lillahi.

Iyakar Seme da Krake gini ɗaya ne da ƙasashen biyu ke aiki a ciki, wanda aka buɗe a Oktoban 2018. A buga maka hatimin fita, ka matsa a duba katin shawara, a buga na shiga. Layi ne ya ci mana lokaci, fasfo biyar kuma ba wasa ba ne, ga Auta ya zaɓi daidai lokacin da muka kai gaba ya ce fitsari yake ji. Agogo bai canza ba, hannun tuƙi bai canza ba, ƙasar ma da bishiyoyin kwakwa duk iri ɗaya ne. Allunan hanya ne kawai suka juye Faransanci, wayoyinmu kuma suka yi gum.

Ban san da aminiyata za a zo tarbarmu ba. Na hango wata mata a jikin mota tana ɗaga hannu, sai da ta kira ni da sunan tsokanar da ba wanda ya kira ni da shi tun muna makaranta na gane ta. Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne. Yara dai sun tsaya suna kallon iyayensu mata biyu suna kuka a gefen titi.

Abu na farko da ya kama idon babban a Kwatano 'yan acaɓa ne, dukansu cikin riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, kamar an watsa fara a titi. Zemijan ake ce musu, a taƙaice zem. Maigidan ya ce da harshen Fon ma'anarsa "kai ni da sauri".

Yaranta uku suna ce mini Tanti. Suna jin Hausa amma bakinsu ya fi sakewa da Faransanci, nawa kuma ba sa jin Faransancin. Da daddare kowane ɓangare ya kama kujerarsa, ana satar kallon juna.

20 Disamba

Hunturun da na yi wa shiri da rigunan sanyi bai zo nan ba. Gumi ne tun asuba.

Aminiyata tana da aiki har ranar Juma'a, yaranta ma ba a ba su hutu ba tukuna, don haka direba aka haɗa mu da shi. Muka fara da gunkin jarumar. Mita 30 ne tsayinsa, mace ce riƙe da bindiga da takobi, Shugaba Patrice Talon ya buɗe shi a ƙarshen Yulin 2022. An yi shi ne don tunawa da rundunar mata ta masarautar Dahome, waɗanda suka gwabza da sojojin Faransa a farkon shekarun 1890. Ta tsakiya ta daɗe tana ɗaga kai, ta ce, "Umma, da gaske mata ne suka yi yaƙi ko zane ne kawai?" Na ce da gaske ne, kuma sunan ƙasar ma Dahome ne lokacin da ta sami 'yanci a 1960, sai a 1975 aka mayar da shi Benin.

Dantokpa minti arba'in muka yi muka gudo. Kasuwa ce mai girman gaske, amma ba wurin zuwa da yaro mai shekara biyar ba ce. Da yamma muka je bakin teku. An ja mana kunne tun a gida kada kowa ya shiga, igiyar ruwan wannan gaɓa tana jan mutum ciki. Ƙafa kawai aka jiƙa.

Uku a rana ɗaya. Na soke su a takarda ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa. Da muka koma gida ta riga ta yi barci.

21 Disamba

Ganbiye. Daga Abome-Kalabi ake hawa kwalekwale mai inji a ratsa tafkin Nokuwe. Na ƙi hawa sai da aka kawo wa yara rigar ruwa, aka ɗan yi mini kallon mai tsirfa, ban damu ba.

Gani ya kori ji. Gari ne sosai a kan ruwa, gidaje a bisa turaku, ga makaranta, ga masallaci, ga coci, mata na ciniki daga kwalekwale zuwa kwalekwale. Yaro da bai fi Auta ba ya wuce mu shi kaɗai yana tuƙa nasa, ko kallonmu bai yi ba. A hanya akwai shingayen rassan itace da aka kafa cikin ruwa, akaja suke ce musu. Kifi na taruwa a ciki ya yi ƙiba, in lokaci ya yi a zagaye da taru. Gona ce dai, ta ruwa.

Abin da ya tsaya mini a rai dalilin kafa garin ne. Mutanen Tofinu ne suka gudo cikin tafkin don tsira daga mayaƙan Dahome masu kama bayi, waɗanda bisa abin da ake faɗa aƙidarsu ta hana su bin mutum cikin ruwa. Wato abin da muke ɗauka a hoto muna cewa ya yi kyau, maɓoya ce. Na kuma lura matan garin da yawa suna kau da fuska in an ɗaga waya. Na ce wa babban ya sauke tasa. In baƙi suka riƙa wucewa ta ƙofar gidana kullum suna ɗaukata ina wanki, ni ma abin da zan yi ke nan.

22 Disamba

Juma'a a Porto-Novo, wadda ita ce babban birnin ƙasar a hukumance, ko da yake fadar shugaban ƙasa da yawancin ma'aikatu suna Kwatano. Tafiyar ba nisa. Abban yara ya tsaya gaban tsohon masallacin ya ce direba ya yi kuskure, wannan coci ne. Ba a yi kuskure ba. Ginin farkon ƙarni na 20 ne, mai hasumiya biyu a gaba da fenti kala-kala, an yi shi bisa fasalin majami'un Bahiya ta Burazil. Zuriyar bayin da suka dawo daga can ne suka kawo wannan salon gini, ana ce musu Aguda. Irin ginin da idonsu ya saba da shi a ƙasar bauta, shi suka ɗauko suka fuskantar da shi alƙibla.

Mun dawo bayan la'asar. Ina cire takalmi ina ba ta labari, ina cewa gobe Wida, jibi a huta, gata Abome, sai ta katse ni.

"Tsaya, ƙawata. Ni kika zo gani ko Benin?"

Da dariya ta faɗa, amma na san ta. Na ƙirga a zuciyata: kwana uku da rabi a gidanta, hirar da muka yi mu biyu ba ta kai awa biyu ba, ita ma rabinta a kan hanya ce da direba da ƙarfe nawa za a fita. Shekara tara ina cewa ina kewarta, na zo na mayar da gidanta masaukin baƙi. Abban yara yana gefe yana duba wayarsa, bai ɗago ba, amma na ga gefen bakinsa.

23 Disamba

Wida, mu duka, gida biyu a mota biyu. Ita ta ce a cakuɗa yaran, kada kowa ya hau da uwarsa.

Kimanin kilomita 40 ne yamma da Kwatano. Mun fara da ɗakin bautar mesa, wanda ke fuskantar babbar cocin Katolika, titi ne kawai tsakaninsu. Garin cibiyar addinin Bodun ne, wanda ƙasar ta ware wa ranar hutu a watan Janairu. Ana ɗora wa baƙi mesa a wuya a ɗauki hoto. Babban ya yarda, ni daga bakin ƙofa na tsaya. Ganuwar 'yan Fotigal daga waje muka gan ta. An gina ta a 1721, kuma abin mamaki, ɗan wannan fili ya ci gaba da zama mallakin Fotigal har 1961, shekara guda bayan ƙasar ta sami 'yanci.

Sai hanyar bayi. Kusan kilomita huɗu ce daga dandalin Shasha, inda ake cinikinsu, zuwa bakin teku. Mai yi mana bayani ya nuna inda itacen mantuwa yake: maza su zagaye shi sau tara, mata sau bakwai, wai don su manta sunansu da garinsu. Gaba kaɗan wurin ɗakin duhu ne, inda ake tsare su har jirgi ya zo, sai ramin da ake zuba waɗanda ba su kai ba. A ƙarshe Ƙofar Rashin Dawowa, wadda aka gina a 1995, tana kallon teku. Fiye da mutum miliyan ɗaya aka fitar ta wannan gari.

Na yi ta tunanin ko daidai ne a kawo yara nan. Auta bai fahimci komai ba, yashi yake wasa da shi. Ta tsakiya ce ta yi tsit. Da maigidan aminiyata ya ce cikin waɗanda aka kai Bahiya ta wannan gaɓa har da Hausawa, sai ta juyo. Ya ce a can sun yi ta tayar da ƙayar baya tun 1807, kuma a Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salbado, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. Bayan an murƙushe shi aka koro wasu zuwa wannan gaɓar. Sai masallacin jiya ya dawo mini sabo. Ashe ƙofar da aka ce ba a dawowa, wasu sun dawo, har sun yi gini.

Ta tambaye ni, "Umma, in sun zagaya itacen suna mantawa da gaske?" Kafin in buɗe baki babbar 'yar aminiyata ta amsa mata da Hausarta mai gargada: "Ba su manta ba. Da sun manta, ba su dawo." Wannan ce jimla mafi tsawo da na ji yarinyar ta yi da Hausa. A hanyar komawa su biyun kujera ɗaya suka zauna.

24 Disamba

Ba a je ko'ina ba. Na ninke takardar na sa a ƙasan jaka.

Mun zauna a baranda tun hantsi har aka kira magariba. Ashe mahaifiyarta ta yi doguwar jinya kafin rasuwarta, ita kuma tana nan ba ta sami zuwa ba saboda iyaka a rufe take. A waya "ta ɗan yi rashin lafiya" kawai ta ce mini. Ni ma na faɗa mata abin da ya rusa tafiya ta biyu, wanda shekara biyu ina ce mata aiki ne. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Yara sun ƙirƙiro wani harshe nasu, Hausa da Faransanci da nuni da hannu. Auta yana ce wa kowa "on y va", ko ba inda za a je.

26 Disamba

Abome ta rage a takarda, wuri na bakwai, kuma shi ne wanda na fi ɗoki tun Oktoba. Tafiyar awa biyu zuwa uku ce arewa, a yini a dawo da dare. Na ce maza su je. Suka tafi da babban da ɗan gidan tun da sassafe.

Don haka abin da zan rubuta ji ne, ba gani ba. Babban ya dawo bakinsa bai rufuwa. Fadojin sarakunan Dahome ne, na jar ƙasa, kowane sarki ya gina tasa kusa da ta magabacinsa, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1985. A jikin bango akwai zane mai tudu, kowane sarki da alamarsa: Gezo ɓauna, Gilele zaki, Behanzin kifin shak. Behanzin ne ya yaƙi Faransa har ya miƙa wuya a 1894, aka kai shi tsibirin Martinik, ya rasu a Aljeriya a 1906. Kayan fada 26 da sojojin Faransa suka kwashe a wancan yaƙi sai a Nuwamban 2021 aka dawo da su. Yaron ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne, sarakunan da ake yabo a Abome don sun tsaya wa Turawa, gidansu ne ya kori mutanen Ganbiye cikin ruwa, shi ne kuma ya riƙa tura mutane Wida. Ya tambayi babansa wanne ne gaskiya. Baban ya ce duka biyun. Ya manta da maganar giwa.

Na ji ɗan ƙyashi da na ga hotunan, ba zan ɓoye ba. Mu kuwa mun yini muna zazzage wani tsohon akwatinta, muka tsinci hoton ajinmu. Mutum talatin da ɗaya a ciki, mun iya kiran sunan ashirin da shida, mun yi musu a kan biyu.

27 Disamba

Gobe da sassafe za a mayar da mu Seme. Na duba fasfo biyar da kati biyar, suna nan. Sefar da ta rage na bar ta a jaka ban canza ba. Takalmin Auta ƙafa ɗaya ya ɓace, an duba ko'ina.

Abin da ya rage a yi: a wanke hotuna a aiko mata, ta tsakiya da 'yar gidan sun yi alkawarin kiran juna duk Lahadi, rabin lokacin da Hausa, rabi da Faransanci, sai in ga ko zai wuce mako uku, a gyara takardun mota su koma sunan Abban yara. Su kuma sun ce za su zo mana a dogon hutu. Na ce ta duba fasfon yaranta tun yanzu, ta ce ba sai na koya mata ba.

Ta karɓi takardar wuraren nan takwas ta karanta. Ta ja layi ƙarƙashin Abome ta rubuta 2024 a gefe, ta ce wannan mu biyu za mu je, ba direba, ba yara. Ta ninke ta sa a nata akwatin.